Sabon Ginin Ƙasa a Kan Iyakar Jibiya da Maraɗi

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, a tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba, kuma daga mashigar Magama, inda jami'an kwastan da na shige da fice suke tsare da ƙofar ƙasa, hanyar mota ta zarce zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. An fi sanin wannan hanya da hatsi da dabbobi da kayan masarufi, amma akwai wasu kaya masu nauyi da ba a cika sa su a lissafi ba idan ana maganar cinikin yankin, wato siminti da rodi da kwanon rufi da katako, waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ake samarwa a Jibiya, alhali su ne suka sauya kamannin garin da ƙauyukansa tun daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya fara isa hannun jama'a. Inda a da ake ganin soraye da katangun jar ƙasa, yanzu bulon siminti ne da kwano, har an kai matsayin da magidanci yake ganin bai cika mai gida ba sai ya rushe ginin ƙasar da ya gada ya ɗora na bulo a gurbinsa.

Ana cikin haka ne masana gini a duniya suka shiga neman abin da suke kira gini mai kiyaye muhalli, ko gini mai ɗorewa, wanda ake auna shi da ma'auni biyu. Na farko shi ne yawan makamashin da aka ƙona da hayaƙin da aka saki kafin kayan ginin su iso fili, na biyu kuma shi ne abin da mazauna gidan za su riƙa kashewa shekara da shekaru wajen sanyaya ɗaki da haskaka shi da samun ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gine-gine da aikin gina su suna da alhakin fiye da kashi ɗaya bisa uku na iskar kabon da ake saki ta hanyar makamashi da masana'antu, iskar da ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. A Turai da Amurka wannan nema ya fi karkata ga gilashi mai tare zafi da na'urorin da ke kashe fitila da kansu. A gari irin Jibiya kuwa, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, fasahohin da suke da amfani su ne waɗanda suka koma ga ƙasar da ake takawa suka gyara mata raunin da ya sa mutane suka guje ta, kuma an yi gwaje-gwaje da dama a kan haka a hayin iyaka, a Nijar.

Dalilin da ya sa siminti ya zama abin damuwa yana cikin yadda ake yin sa. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a cikin doguwar tanda mai juyawa, a zafin da ya kai digiri 1,450, har su dunƙule su zama tsakuwar da ake kira kilinka, wadda ita ce ake niƙawa ta zama garin siminti. Hayaƙin yana fita ta kafa biyu, daga kwal ko gas ɗin da aka hura tandar da shi, da kuma daga dutsen kansa, wanda yake sakin iskar kabon da ke jikinsa idan ya ji wuta, kuma wannan kafa ta biyu ita ce ta fi yawa, abin da ke nufin ko da hasken rana aka hura tandar ba za a rabu da ita ba. Shi ya sa siminti shi kaɗai yake fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ga mai gini a Jibiya akwai ƙarin nauyi, domin masana'antun da ke yankin suna Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Obajana ta Kogi, sai Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, don haka kowane buhu ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan tirela kafin ya sauka, kuma kuɗin man tirelar yana cikin farashinsa. A watan Fabrairun 2024, bayan cire tallafin fetur da faɗuwar darajar naira, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu masana'antun aka amince a mayar da shi tsakanin naira 7,000 da 8,000.

Tsadar siminti ba ta hana gini, ingancinsa take ragewa. Buhun da ya kamata a buga bulo kusan 30 na inci 9 da shi sai a ja shi ya ba da fiye da haka, a samu bulon da yake marmashewa a hannun lebura tun kafin a ɗora shi. A kan siririn bangon da aka tayar da irin wannan bulo ake kafa kwano, sau da yawa ba tare da silin ba, sai a wayi gari da ɗakin da ba ya shiguwa daga azahar zuwa bayan isha'i a lokacin bazara, wanda kuma yake huda ƙashi da sanyi a cikin hunturu.

Ginin da aka baro ya fi wannan sanin yanayin ƙasar. Magina sukan haƙo jar ƙasa mai tsakuwa, wato burji, su jiƙa ta, su zuba mata ramno ko wata busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe sarai. Magini yana zaune a kan bango ana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, yana jera su kai sama yana cike tsakaninsu da kwaɓi, bangon yana da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa na azara ne, wato tsagin itacen giginya, musamman namijinta, wanda gara ba ta cika cin sa ba, kuma da yake azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar mita 2, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, inda ake ɗaura azara a kan azara ana tura ta gaba kaɗan-kaɗan daga bangaye biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. Don kare ginin daga ruwa ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, sannan a sa indararo ya jefa ruwan rufi nesa da bango. Da wannan ilimi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajejen shekarun 1830, da shi aka tayar da hasumiyar Gobarau ta Katsina da hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27.

Amfanin kaurin bango a ƙasa mai zafin rana da sanyin dare sananne ne a kimiyyar gini, domin ƙasa tana shan zafi a hankali tana kuma sakin sa a hankali, ta yadda zafin tsakar rana ba ya ratsa bango mai kauri sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da iskar waje ta riga ta huce. Sai dai a tsakiyar bazara, sa'ad da dare kansa ba ya sanyi, bangon yakan riƙa mayar wa ɗaki zafin da ya sha, shi ya sa tun da can ake kwana a tsakar gida a wannan lokaci, kuma duk wanda ya ce ginin ƙasa yana maganin zafi a kowane wata ya yi ƙari.

Abin da ya kori mutane daga ginin ƙasa ba son burga ne kaɗai ba, rauni ne guda uku na haƙiƙa: ruwa a gindin bango, ƙarancin itacen rufi, da wahalar yaɓe kowace shekara. Na farkon shi ne mai kisa. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan sama mai yawa ya sauka a Jibiya cikin dare, kogin da ke gefen garin ya cika ya batse, fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, wasu gawarwakin ma sai a cikin Nijar aka tsinto su, domin ruwan Jibiya gulbin Maraɗi yake bi ya nufi Madarunfa. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, a watan Satumban 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya faɗi bayan ruwa mai ƙarfi, a daminar da jihar Maraɗi take cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ambaliya mai ƙarfin ta 2018 ba ta tambayar da me aka gina gida idan a hanyarta aka gina shi, amma ruwan da ya kwanta a gindin bango na kwana ɗaya ko biyu bulo yakan jure shi, tubali kuwa jiƙewa yake yi ya zube. Akwai kuma wani abu da garuruwan Hausa suka yi wa kansu, wato cike kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda su ne suke shanye ruwan unguwa da damina, aka yanka su filaye aka sayar. Tun ran gini tun ran zane, don haka fasahar farko a nan ita ce zaɓen wuri, sannan harsashi na dutse ko kankare da aka ɗaga sama da inda ruwa yake kaiwa, da shimfiɗar leda mai kauri ko kwalta tsakanin harsashi da bango don hana danshi hawa. Simintin da aka kashe a wannan wuri ba a yi asararsa ba.

A kan irin wannan harsashi ne matsattsen bulon ƙasa yake da ma'ana. Injin farko da ya yaɗu a duniya, mai suna CINVA-Ram, injiniya Raúl Ramírez ne ya ƙera shi a Kolombiya a shekarun 1950, kuma akwatin ƙarfe ne kawai mai murfi da dogon hannu, wanda mutum ɗaya yake dannawa ya matse ƙasa mai ɗan danshi ta fito bulo mai kaifin kusurwa. Daga baya kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu ya fito da inji mai aiki da mai, wanda bulonsa yake da harshe da kwari, ɗaya yana shiga cikin ɗaya ba tare da kwaɓi mai yawa ba, a Najeriya kuma cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera nata injinan. Aikin yana farawa ne daga gwada ƙasa, kuma gwajin ba ya bukatar ɗakin bincike. Ana zuba ƙasa a kwalba zuwa sulusinta, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Tsakuwa da yashi su fara kwantawa, garin ƙasa ya biyo, laka ta zauna a sama daga ƙarshe, sai a duba kaurin kowane layi. Ƙasar da ake so ita ce wadda yashi ya rinjaya a cikinta amma take da lakar da za ta riƙe shi, kamar kashi ɗaya bisa biyar. Bayan an tankaɗe ta an gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ko da lemun gini idan laka ta yi yawa, sai a yayyafa ruwa, a dunƙula a tafin hannu a sake ta daga tsayin ƙugu: idan ta baje ta zama gari ruwan bai isa ba, idan ta lotse ba ta fashe ba ya yi yawa, idan ta rabu gida huɗu ko biyar to ta yi daidai. Kuskuren da magini ɗan gado ya fi saurin faɗawa shi ne ya shanya wannan bulo a rana kamar tubali, alhali simintin da ke cikinsa danshi yake bukata ya kama, don haka a ƙarƙashin leda ake jera shi ana yayyafa masa ruwa mako biyu ko fiye, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28.

Masu tallar wannan bulo sukan ce yana rage siminti sosai, kuma maganar tana bukatar alƙalami. Bulo mai tsawon santimita 29 da faɗin 14 da kaurin 9 yana da nauyin kusan kilo 7, don haka idan aka sa siminti kashi 5 cikin 100, buhu ɗaya mai kilo 50 zai ba da kusan bulo 140, waɗanda za su tayar da bango siriri mai faɗin murabba'in mita 4 da ɗoriya, yayin da buhun da aka buga bulon siminti 30 da shi yake tayar da murabba'in mita 3. Ratar ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Idan kuwa aka ninka kaurin bangon don a samu sanyin da ake nema, aka kuma ɗaga simintin zuwa kashi 8, to simintin da ya shiga bangon ƙasar zai ninka na bulon siminti. Ribar gaskiya tana wasu wurare: bangon ba ya bukatar filasta ciki da waje ko fenti, ba a ɗauko yashi daga kogi, kuɗin yana tafiya ne ga leburorin gari maimakon tirela, kuma ba sai an yi yaɓe kowace kaka ba. Hanyar da ta fi dacewa da aljihun talaka ita ce a ajiye bulo mai siminti ga layukan ƙasa da kusurwoyi da bangon gabas, wanda ruwan damina ya fi duka, sauran kuma a yi su da bulo mai ƙarancin siminti ko tubali zalla a ƙarƙashin rufi mai dogon baki. Sannan ƙasar Jibiya jigawa ta yi mata yawa, saboda haka ba kowane fili ne zai ba da ƙasar bulo ba, kuma idan sai an ɗauko burji daga nesa a tifa, wani kaso na ribar ya tafi.

Wanda yake son ganin abin da wannan bulo zai iya yi, jihar Tawa zai nufa. A garin Yama, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya riƙa faɗaɗa shi yana ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi huɗu har farkon shekarun 1980, ginin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Dandaji, wanda da ya tsufa ya yi wa jama'a kaɗan aka so rushe shi, sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a gefensa. An kammala aikin, mai suna Hikma, a 2018, da matsattsen bulon jar ƙasar da aka haƙo a kusa da garin, kankare kuma aka taƙaita shi ga ginshiƙai da wuraren ɗaukar nauyi, aka kuma sa maginan gargajiya a cikin aikin, wasunsu ma da hannunsu a ginin farko. Kafin wannan, a 2016, su biyun da abokan aikinsu sun gina rukunin gidaje masu bene a Yamai da irin wannan bulo don masu matsakaicin samu, da niyyar nuna cewa ma'aikacin birni zai iya zama a gidan ƙasa ba tare da jin ya koma baya ba. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta yi amfani da bulo mai shiga juna wajen gina gidaje a Walam ta jihar Tilaberi, inda 'yan gudun hijira da mutanen gari suke buga bulon tare, darasin da ya shafi Jibiya kai tsaye, ganin yawan mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a wannan yanki, waɗanda wasunsu suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019.

Rufi ya fi bango wuya, domin ta sama mafi yawan zafi yake shiga ɗaki, kuma a nan ne itace ya ƙare. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, an kuma sare ta fiye da yadda ake shuka ta, har azara mai kyau ta zama kayan masu hali. Amsar da aka gwada a Nijar ita ce gini ba itace, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koyarwa a Cikal, kusa da Filinge, a 1980, bisa dabarar mutanen Nubiya ta kudancin Masar, wato bakan Nubiya, wadda wani mai suna Hassan Fathy ya farfaɗo da ita. Ana tayar da bangon ƙarshen ɗaki ya fi sauran tsayi, a zana siffar baka a jikinsa, sannan a riƙa manna ƙananan bulon ƙasa marasa kauri layi-layi, kowane layi a jingine da wanda ya gabace shi, ta yadda rufin yake riƙe kansa tun ana cikin ginawa ba tare da katakon tallafi ba. Tulluwa kuma ana jera ta da'ira-da'ira ana auna nisan kowane bulo da sanda ko waya da aka kafa a tsakiyar ɗaki. An horar da ɗaruruwan magina a kan haka a Nijar da Mali da Burkina Faso. A 2000, a Boromo ta Burkina Faso, magini Bafaranshe Thomas Granier da manomi Séri Youlou suka kafa wata ƙungiya da ta sauƙaƙa dabarar, ta tsayar da faɗin ɗaki a mita 3 da 'yan kai, ta sa a shimfiɗa leda a kan bakan a rufe ta da ƙasa. Rufin yana da nauyi ƙwarai kuma yana tura bangayen gefe waje, saboda haka dole su yi kauri, kuma mai gidan da ya yi sakaci da indararo ko ya bar tsaga ta kwana har damina ya sa iyalinsa a haɗari.

Hanya ta biyu ba ta jefar da kwano ba, matsayinsa ta sauya. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci lambar Pritzker a 2022, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya yi wa azuzuwan silin na bulo, sannan ya ɗaga kwano a kan ƙarafa sama da silin ɗin, ya bar sarari a tsakani da iska take ratsawa ta kwashe zafi, bakin kwanon kuma ya zarce bango sosai yana kare shi daga ruwa da rana. Wannan ita ce dabarar da ta fi kusa da hannun birkila da mai walda na Jibiya, domin babu kayan da ba su sani ba a cikinta. Ko gidan bulon da aka riga aka gina zai ragu da zafi idan aka shafa wa kwanonsa farin fenti, aka sa masa silin, aka buɗe ƙananan tagogi a saman bango don iska mai zafi ta fita da dare.

Sauran fasahohin da ake yawan ambata ba su kai waɗannan nauyi a nan ba. Akwai sabon siminti da masu bincike a Suwizalan da Kyuba da Indiya suka haɗa, mai laƙabin LC3, wanda ake rage kilinka a cikinsa a cike da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa, yana rage hayaƙi da kusan kashi 40 cikin 100, amma wannan shawara ce ta masu masana'anta, mai gini sai dai ya saya idan ya zo kasuwa. Akwai gidan kwalaben roba cike da yashi da aka gina kusa da Kaduna a 2011, wanda ya fi yin suna a jaridu fiye da yaɗuwa a unguwanni. Faifan sola ya riga ya shiga gari da kansa, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna wa mutanen iyaka amfanin wutar da ba ta ratso ta kowace mashiga ba, sai dai ɗakin da ba ya tara zafi fanka ɗaya ta ishe shi, don haka faifai da batirin da zai saya ba su kai na ɗakin kwano ba. Tara ruwan sama ma lissafinsa a fili yake: rufi mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu ruwa milimita 600, yana zubar da lita 60,000, wato duro 300, ruwan da idan aka kama shi a tanki an raba shi da gindin bango.

Itacen ma yana iya dawowa, kamar yadda aka gani a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen gona suna sassabe shi maimakon tumɓukewa, dabarar da wani mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5, mafi yawa gawo da ire-irensa. Waɗannan da bedi suna ba da sandunan rumfa da inuwar da ke rage zafin bango, amma ba su maye gurbin azara ba, kuma Katsina, da take cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta Afirka, za ta amfana idan giginya ta samu gurbi a cikin abin da ake dasawa, ko da jikoki ne za su tsage ta.

Abin da ya rage ba na injiniya ba ne. Gidan ƙasa har yanzu alamar rashi ne a idon mai neman aure da surukansa, masu ba da lamuni da masu ƙiyasta darajar gida bulo suka sani, kuma maginin da ake biya bisa yawan bulon da ya ɗora ba shi da dalilin koyon aikin da yake bukatar gwada ƙasa da jiran mako huɗu. Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2006, da wani na tsimin makamashi a gine-gine a 2017, wanda ya yi magana a kan girman taga da inuwa da kare rufi daga zafi, amma yawancin gidajen ƙananan hukumomi ana gina su ne ba tare da zane ko sufeto ba, don haka takarda ba ta isa wurin. Iyakar kanta ta yi shekaru tana buɗewa tana rufewa, domin an rufe mashigar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, alhali maginin Tawa ko Maraɗi da ya iya bakan Nubiya Hausa ɗaya yake yi da na Jibiya, kuma horon da ake bukata na hannu ne, a kan gini, ba na allo ba.

Abin da ya sauya ra'ayi a Gando da Dandaji shi ne ginin jama'a da kowa yake shiga ya ji sanyinsa a jikinsa, kuma Jibiya tana da irin wannan dama a layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, kuma ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tasha tana jawo gidajen ma'aikata da rumfunan kasuwa da ɗakunan ajiya da makaranta da asibitin sha-ka-tafi, waɗanda ƙaramar hukuma da jiha ne za su ba da kwangilar mafi yawansu. Shaguna da ɗakunan kwana suna shiga cikin faɗin mita 3 na bakan Nubiya ba tare da ƙarin komai ba, ajin makaranta kuwa, da yake faɗinsa yakan kai mita 7, sai dai a haɗa baka biyu a kan gadar kankare mai ginshiƙai, ko a bi hanyar Gando a ɗaga kwano a kan silin na bulo.